Yadda muka nema wa ɗan maƙwabciyata magani a Bronx

Shekara 14 ke nan ina zaune a Bronx, cikin birnin Niyok, a hawa na huɗu na wani tsohon bene, ƙofata tana kallon ƙofar wata baiwar Allah 'yar Jamhuriyar Dominika. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu, kuma da yake kusan rabin mutanen Bronx masu jin Sifaniyanci ne, yawancin waɗanda na yi wa hidima ba sa jin Turanci sosai. A bakinsu na tsinci ɗan Sifaniyancin da nake yi, na gaisuwa da cefane da tambayar inda ke ciwo. Maƙwabciyar tawa vecina take kirana, wato maƙwabciya, ni ma haka nake kiran ta. Ɗanta namiji guda ɗaya ne, ta zo da shi daga garin Santiago na ƙasarsu yana ɗan shekara 9, a gabana ya girma ya zama mai aski a wani shago da ke bakin babban titi. Da izininta da nasa nake ba da wannan labari, ba tare da sunayensu ba, domin hanyar da muka bi tana da kwana da yawa, kuma kusan a kowace kwana sai da muka ɓata kafin wani ya nuna mana.

A watan Nuwamba na 2023 yaron ya daina zuwa shago. Yana da shekara 23 a lokacin. Sai ya wuni a kwance, labule a sake, abinci sai an yi da gaske yake ci. Uwarsa ta ce nervios ne. Wannan kalma a wurinsu jaka ce mai faɗi, ana zuba mata damuwa da fargaba da baƙin ciki da rashin barci, kuma ba abin kunya ba ne a ce mutum yana da ita. Abin kunya shi ne a ce loco, mahaukaci. Ya je wani ƙaramin asibiti shi kaɗai, aka gan shi na 'yan mintuna da Turanci, aka ce ciwon damuwa ne, aka rubuta masa maganin damuwa. Ba wanda ya tambaye shi ko ya taɓa shiga wani lokaci na akasin haka, lokacin da barci ke ƙaurace masa kuma yana jin ƙarfi kamar ya ɗaga mota. Wannan tambaya guda da ba a yi ba ita ta jawo mana abin da ya biyo baya. Daga baya likita ya bayyana mana cewa mai cutar baifola, wato cutar da yanayin mutum ke hawa can sama ya kuma faɗo can ƙasa, idan aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai ba tare da mai daidaita yanayi ba, maganin na iya cilla shi sama.

Haka kuwa aka yi. A farkon Fabrairu na 2024 muka ga kamar ya warke, har uwar ta kawo mini shinkafa da wake don murna. Mako biyu bayan nan sai murna ta koma tsoro. Ya kwana huɗu bai runtsa ba. Magana yake yi babu numfashi, yana tsalle daga wannan zance zuwa wancan, yana haɗa Turanci da Sifaniyanci. Ya kwashe kuɗin da ya daɗe yana tarawa ya sayi kujerun aski uku, ya ce zai buɗe shaguna a jihohi biyar kafin bazara, ya ce Allah yana yi masa magana ta rediyon mota. Uwar ta fara zuwa botánica, irin shagunan nan da ke sayar da ganyaye da kyandir da ruwan wanka na tsari, ta kashe dala 60. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Da ɗana ne, na san zuciyata za ta fara raya mini sammu ko iska, kuma na san waɗanda za su ce a kira malam tun kafin a ambaci likita. Abin da na ce mata kawai shi ne ta ci gaba da addu'arta, amma yaron da ya kwana huɗu ido biyu jikinsa ma yana cikin haɗari.

A dare na biyar, wajen ƙarfe ɗaya, ta ƙwanƙwasa mini ƙofa tana rawar jiki. Yana son fita cikin sanyi da singileti. Ta ƙi yarda a kira 911, lambar gaggawa ta Amurka, saboda tsoron 'yan sanda, kuma duk wanda ya zauna a unguwanni irin namu ya san wannan tsoro yana da tushe. Sai na tuna da lambar 988, wadda aka buɗe a faɗin Amurka a watan Yuli na 2022 don matsalar ƙwaƙwalwa. Idan ka kira ka danna 2, mai jin Sifaniyanci ne zai ɗauka. Na miƙa mata wayar. Karo na farko ke nan da ta faɗi abin da ke faruwa da harshenta ga wani ma'aikacin lafiya, sai da ta yi kuka kafin ta iya magana. An tambaye ta ko yana da makami, ko ya yi maganar kashe kansa ko cutar da wani, ko yana shan wani abu. Da ta ce a'a, aka ce za a turo tawagar da ke zuwa gida, aka kuma gaya mata ƙarara cewa idan abin ya rikice kafin su iso, 911 za ta kira. Muka zauna da shi har asuba, na dafa shayi marar sinadarin da ke hana barci, uwar tana ta ce masa mi hijo, wato ɗana, zauna, mi hijo. Kiran bai ci ko sisi ba.

Da hantsi mutum biyu suka zo cikin kayan gida, ɗaya tana jin Sifaniyanci. Sun yi kusan awa guda da shi. Ya ce lafiyarsa ƙalau, bai taɓa jin daɗi irin na yanzu ba, kuma a nan ne wahalar wannan mataki take, domin mai ciwon ba ya jin ciwo. Suka yanke cewa sai an kai shi asibiti ko da bai so ba, doka ta ba su wannan iko, suka kira motar asibiti. 'Yan sanda biyu suka zo tare da motar. Wannan ne ba a shirya mu a kansa ba, har uwar ta zaci an yaudare ta. Na tare su a kan matakala na faɗa musu abu uku kafin su kai ƙofa: ba shi da makami, bai taɓa kowa ba, rashin lafiya ne. Suka tsaya daga baya, ma'aikatan motar suka shiga, ya sauko da ƙafarsa yana yi musu bayanin shagunansa. Duk wanda ya samu kansa a irin wannan hali, ya sa a ransa cewa 'yan sanda na iya zuwa, ya kuma tanadi mutum ɗaya mai natsuwa da zai tare su da waɗannan kalmomi.

A asibiti aka shigar da shi sashen gaggawa na masu matsalar ƙwaƙwalwa. An karɓe wayarsa da bel da igiyar takalmi, an ɗebi jini da fitsari. Mu kuma aka bar mu a kan kujerun roba tun ƙarfe 12 na rana har bayan tara na dare. Duk lokacin da uwar ta je taga, amsar ɗaya ce: babba ne, ba za mu iya gaya miki komai ba. Akwai dokar sirrin marar lafiya ta 1996 da suke kira HIPAA, ita suke nufi. A jihar Niyok irin wannan sashe na iya riƙe mutum har awa 72 ana duba shi, wannan ma sai a bakin wani mai gadi muka ji. Da dare wani matashin likita ya fito na minti biyu ya yi magana da ni, ba da ita ba, saboda ni ce mai Turanci. Ya ce suna tunanin ko ƙwaya ce, ko kuma cutar sikizofireniya, mai sa mutum jin muryoyi ko gaskata abin da babu. Ya nemi in fassara mata. Na ƙi. Sifaniyancina na cefane ne, idan na juya kalma ɗaya ba daidai ba a maganar ƙwaƙwalwar ɗan mutum, wa zai gyara? Na ce a kawo tafinta. Haƙƙinta ne, kyauta, asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne ya samar, tushen abin yana cikin dokar 'yancin jama'a ta 1964. Ya ce sai gobe.

A daren nan, a teburin kicin ɗina, muka yi abin da nake ganin ya fi komai amfani a duk tafiyar. Wata tsohuwar nas da na taɓa aiki da ita ta ce mini a waya: doka ta hana su faɗa muku, amma ba ta hana su saurare ku ba. Sai muka ɗauki takarda ɗaya muka rubuta tarihin yaron da kwanan wata, ita tana faɗa, muna dubawa da manhajar fassara, ina rubutawa da Turanci. Watan da ya kwanta. Ranar da ya fara maganin damuwa, da sunan maganin daga jikin kwalba. Ranar da barci ya ɗauke. Ina cikin rubutu sai ta tuna cewa yana ɗan shekara 19, wata bazara, ya yi kusan mako yana barcin awa biyu, ya fente ɗakunan gidan duka cikin dare, sannan abin ya wuce da kansa. Ta kuma tuna da ƙanen mahaifinsa a Santiago, wanda ake cewa yana da nervios, wani lokaci ya raba dukiyarsa ga mutane, wani lokaci ya rufe kansa a ɗaki wata guda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk abin da likitocin ke nema yana cikin kan wannan mata da aka bari a kujerar roba awa tara.

Washegari aka kawo tafinta ta allon kwamfuta. Babbar likitar sashen ta karanta takardar tamu a tsaye, ta ja kujera ta zauna, ta yi wa uwar tambayoyi na kusan rabin awa. Gwajin fitsari bai nuna ƙwaya ba. Da yamma suka ce baifola ce nau'i na ɗaya, suka tsayar da maganin damuwa, suka ce za a kwantar da shi. Ya ƙi sa hannu, don haka aka kwantar da shi bisa dokar gaggawa ta jihar, wadda ta yarda a riƙe mutum har kwana 15 idan likita na biyu ya tabbatar cikin awa 48. An ba shi takardar haƙƙoƙinsa da lambar lauyoyin da jiha ta tanada kyauta don masu irin wannan kwanciya. Ya yi fushi da uwarsa sosai, kwana huɗu yana ƙin ganin ta. Tana zuwa duk da haka, ta zauna a waje har lokacin ziyara ya ƙare. A kwana na biyar, da maganin ya fara kama shi, ya sa hannu a fom ɗin da ya ba likitoci izinin magana da ita. Wannan fom ba wanda zai kawo maka shi, sai ka tambaya, kuma kowane asibiti da nasa. Sau uku muka cike irinsa a wurare uku.

Yana kwance sai maganar kuɗi ta taso. Muna zaton yana da Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, ashe ta yanke. A lokacin korona an dakatar da sabuntawa, a 2023 aka dawo da ita, wasiƙar ta zo da Turanci, ya ajiye ta a cikin watannin da ba ya iya tashi daga gado. A ofishin kuɗi na asibitin akwai mai taimakawa da cike takardu, a can muka yi layi na awa biyu. Sun nemi katin zamansa na dindindin, lambar Social Security da gwamnati ke ba mutum don aiki da haraji, shaidar adireshi, da shaidar abin da yake samu na mako huɗu. Mai aski hannu da hannu ake biyan sa, ba shi da takardar albashi, sai aka ce ya rubuta wasiƙa ya bayyana abin da yake samu ya sa hannu. Uwar ta tsorata, tana ganin karɓar taimakon gwamnati zai ɓata masa neman zama ɗan ƙasa. Muka je wurin lauyan shige da fice na kyauta a wata ƙungiyar unguwa, ya duba takardunsa ya kwantar mata da hankali. Ina ba kowa shawarar ya yi haka maimakon ya dogara da jita-jitar wurin wanki, saboda ƙa'idojin nan suna sauyawa da sauyin gwamnati. A lokacin, a 2024, Medicaid na iya biyan kuɗin asibiti na wata uku kafin ranar nema, amma sai an nemi hakan a fom. Shi ya cece mu lokacin da takardar kuɗin motar asibiti ta iso, fiye da dala 1,000. Wanda ba shi da takardun zama kuma, akwai Medicaid ta gaggawa, akwai kuma NYC Care, shirin kula da lafiya na birnin don marasa inshora, da aka fara a nan Bronx a 2019.

Bayan kwana 12 aka sallame shi da maganin litiyom mai daidaita yanayi, da wani na dare mai sa barci, da takardu shafi tara duk da Turanci, da maganin mako biyu, da ranar ganin asibitin unguwa bayan kwana shida. Muka dawo gida muna hamdala, muna zaton an gama. Ashe ramin yana gaba. Ranar da muka je, ba likita muka gani ba, rajista ce kawai, tambayoyi na awa ɗaya da rabi. Likitan ƙwaƙwalwa sai bayan mako biyar. Mai ba da shawara da ke jin Sifaniyanci kuma, aka ce a sa suna a jira wata uku. Na ƙirga da yatsu a gaban matar: magani zai ƙare nan da kwana takwas, likita sai bayan kwana 35, wa zai rubuta na tsakani? Ta ce mu koma inda aka sallame shi. Can kuma suka ce ai ya bar hannunsu. Kwana uku ina kiran waya a lokacin hutun aikina kafin ma'aikaciyar walwala ta sashen da ya kwanta ta samu likitan da ya rubuta ƙarin wata guda. A kemis dala ɗaya muka biya. Da na sani, da tun ranar sallama na tsaya sai an gaya mini ko wannan rana ta rajista ce ko ta mai rubuta magani, sai kuma an ba da maganin da zai kai.

Sauyi na gaske ya zo ne a watan Afrilu, da wata mata a cocin uwar ta ce mu gwada cibiyar lafiya ta unguwa, irin waɗanda gwamnatin tarayya ke tallafawa, da ke karɓar kuɗi gwargwadon ƙarfin mutum. A can aka haɗa su da promotora. Ba likita ba ce, ba nas ba ce, 'yar unguwa ce da aka horar, 'yar Puerto Rico mai kimanin shekara 50, wadda ke hawa bene ta zauna a kicin ta sha kofi. Al'ummomin masu jin Sifaniyanci sun daɗe da irin waɗannan mata a harkar ciwon suga da rigakafi. A zuwanta na farko ta buɗe kabad ɗin magani ta fito da kwalbar ibuprofen, maganin ciwon jiki, ta ce wannan ba ya haɗuwa da litiyom, yana iya sa shi taru a jini ya zama guba. Yana cikin shafuka taran nan, amma ba wanda ya karanta wa uwar. Ta bayyana gwajin jini: a ɗiba awa 12 bayan shan maganin dare, kafin a sha na safe, kuma lambar da ake so yawanci tsakanin 0.6 ne da 1.2. Ta ce za a riƙa duba ƙoda da tayirod, wato ƙullutun da ke gaban wuya, lokaci-lokaci, ya sha ruwa sosai musamman da zafi, kada ya sauya yawan gishirinsa farat ɗaya, idan an ga amai da gudawa da tangaɗi a tafi asibiti nan take. Ba ta taɓa cewa loco ba, ba ta kuma yi faɗa da kalmar nervios ba. Ta ce wa uwar: kina da suga, kina shan magani kullum, kina auna jini, wani ya ce ke ba mutum ba ce? Uwar ta yi shiru, sannan ta gyaɗa kai.

A nan zan ɗan ratse saboda 'yan'uwana Musulmi. Azumin 2024 ya faɗo a tsakiyar wannan hidima, kuma da na ji maganar ruwa sai na tambayi likita game da mai shan litiyom da ke son yin azumi. Ta ce ƙishirwa mai tsawo da sauyin lokacin barci duka biyun suna da haɗari ga mai wannan cuta, don haka a zauna da likita tun kafin wata ya kama. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame, a yi amfani da shi.

A watan Yuli ya daina shan magani a ɓoye. Ba mu sani ba sai da promotora ta biya ta shagon ta ga ba ya nan, abokan aikinsa suka ce ya rage zuwa. Ta same shi a gida ta tambaye shi a hankali, ba a gaban uwar ba. Ya miƙa mata hannuwansa. Litiyom yana sa wa wasu rawar hannu, 'yar kaɗan, wadda ma'aikacin ofis ba zai damu da ita ba. Shi kuwa reza yake riƙewa a gefen kunnen mutum. Masu askin Dominika da gyaran layin goshi suka yi suna, layin nan mai kaifi kamar an ja da rula, kuma ya ɓata wa mutum biyu layi a mako guda, ɗaya ya tashi daga kujera ya koma wurin wani a gaban kowa. Wata huɗu yana ganin likitoci, an tambaye shi barci, an tambaye shi ci, an tambaye shi ko yana jin muryoyi, ba wanda ya tambaye shi da me yake cin abinci. A ganinsa an ba shi zaɓi tsakanin hankalinsa da sana'arsa, ya zaɓi sana'a. Ni da nake ganin na san yaron nan tun yana ƙarami, na ga rawar hannun da idona a kan kofin shayi, ban kawo komai a raina ba. Har yau abin yana damuna.

Promotora ta samo masa ganin likitar cibiyar cikin kwana biyu, ta kuma raka shi. Likitar ba ta jin Sifaniyanci sosai, amma ta yi wani abu da ban ga an yi ba a baya. Akwai jerin tambayoyi 16 da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa a littafinta na gano cututtuka a 2013, don a ji yadda marar lafiya da danginsa suke fahimtar ciwon a al'adarsu. Irin su: me kake kiran wannan matsala idan kana gaya wa 'yan gidanku, me kake ganin ya jawo ta, me ya fi damun ka a cikinta, wane taimako ka nema a baya. Da ta zo kan abin da ya fi damun sa, ya ce hannuna. Ta auna jininsa, ta mayar da shi kan litiyom a hankali da adadi ƙasa da na da, ta ƙara ɗan ƙaramin maganin propranolol da ake bayarwa don irin wannan rawa, ta ce ya rage kofi, wanda a gidan 'yan Dominika ba ƙaramar magana ba ce. Ta kuma duba nauyinsa da sugansa, saboda maganin dare ya sa masa ƙiba kuma suga tana gidansu, ta fara rage shi. Cikin mako uku ya koma shago cikakken lokaci.

Uwar ma ta samu nata wurin. Ƙungiyar NAMI, mai tallafa wa masu matsalar ƙwaƙwalwa da iyalansu, tana da darasi kyauta na zama takwas don iyalai, da Sifaniyanci ana kiran sa De Familia a Familia, kuma masu koyarwar su ma iyaye ne ko 'yan'uwan masu ciwo. Na raka ta zaman farko na zauna a baya. Ban fahimci rabin abin da aka faɗa ba, amma na ga fuskarta lokacin da wata 'yar Meziko ta ba da labarin 'yarta, kusan kalma da kalma irin namu. Daga nan ta samu ƙarfin gaya wa limamin cocinsu, wanda ya ce mata magani da addu'a ba kishiyoyi ba ne. Ba ta daina kunna kyandir ba, kuma ba wanda ya nemi ta daina.

Idan na waiwaya, asibiti ya kashe gobarar cikin kwana 12, amma duk wuraren da muka kusa rasa yaron nan a tsakanin ofisoshi suke: tsakanin taga da kujerar roba, tsakanin sallama da likita na gaba, tsakanin takardar Turanci da kabad ɗin kicin, tsakanin ɗakin likita da kujerar aski. Masu asalin ƙasashen Sifaniyanci sun kusa kashi ɗaya cikin biyar na mutanen Amurka, amma masu ba da shawarar ƙwaƙwalwa da ke iya aiki da harshen ƙalilan ne, shi ya sa jiran wata uku. Horar da likita yana cin shekaru. Horar da mata irin promotora ba ya cin haka, kuma ita ce ta gano ibuprofen, ita ce ta gano hannun. Da ina da ta cewa a kasafin kuɗin birni, da na ce a haɗa kowane mai baifola da irinta tun ranar sallama, a fassara takardar sallama kafin a miƙa ta, a kuma sa wa duk mai rubuta maganin damuwa dokar tambayar ko an taɓa yin kwanaki ba barci. Mu Hausawan da ke nan, 'yan Najeriya da Nijar da zangunan Gana, abin ya shafe mu kai tsaye. Idan mai Sifaniyanci ya sha wannan wuya a Bronx, mai Hausa sai ya fi shan ta. Haƙƙin tafinta namu ne mu ma, a nemi na Hausa, kada a bari a sa yaro ɗan makaranta ya fassara ciwon uwarsa ko na yayansa.

Yanzu akwai takarda a jikin firijinsu, da Sifaniyanci, wadda shi da kansa ya rubuta tare da promotora lokacin da yake cikin natsuwa. Alamomi uku ne a kai: barci ƙasa da awa biyar dare biyu a jere, kashe kuɗi ba lissafi, da magana da sauri har abokan shago su lura. A ƙasa akwai lambar cibiyar, da 988, da tawa, da abin da ya yarda a yi masa idan ya ƙi jin magana. A watan jiya alama ta farko ta bayyana, bayan ya yi aiki har tsakar dare a mako mai biki. Uwar ta kira cibiyar da safe, da harshenta, ba ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ba. Aka matso da ranar ganin likita zuwa jibi, aka ɗebi jini, lambar ta nuna 0.5, aka ɗan ƙara maganin. Sai da yamma, muna hawa matakala da ledojin cefane, ta ba ni labari.